Yadda za a zauna lafiya da talabijin a gida: jagora ga magidantan Zariya

A yawancin gidajen Zariya, lokacin da kowa yake gida kuma idonsa biyu ɗan kaɗan ne. Maigida ya fita tun safe, ko kasuwar Sabon Gari, ko ofis a Samaru ko Kongo, ko gona. Yara sun tafi boko, sun dawo da azahar, sun ci abinci a tsaitsaye, ƙarfe huɗu sun wuce Islamiyya. Uwargida, in ba ita ma fita aiki take yi ba, tana fama da girki da wanki da 'yar sana'arta. Sai an kira magariba ake haɗuwa, zuwa goma kuma barci ya fara ɗibar mutane. A wannan ɗan tsakanin ne miji zai ji abin da ke damun matarsa, uba ya lura ɗansa ya kwana biyu ba ya walwala, a yi maganar kuɗin makaranta da bikin da ke tafe. A nan ne kuma tashoshi suke zuba shirye-shiryensu mafi jan hankali, don sun san lokacin ne jama'a ke zaune.

Iyayenmu ba su sha wannan fama sosai ba, saboda akwai masu yi musu iyaka. Talabijin ya shigo Najeriya ta Ibadan a 1959, na Arewa ya fara aiki a Kaduna a 1962, a 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. A wancan zamani sai da yamma tasha take buɗewa, dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe, akwati ɗaya kuma ya ishi layi guda. Da dish ya zo, tashoshi suka koma ba dare ba rana, sai ɗauke wuta ta zama ita ke raba mutane da kallo. Yanzu ita ma ta fara sakin hannu: tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 gidaje da dama sun koma sola, ƙaramin fanel da batir kuwa sun isa su riƙe talabijin na zamani har dare ya raba. Saura masu gida su yi iyakar da kansu.

Ni ba na cikin masu cewa a ɗauki akwatin a kai kasuwa. Gidan da aka hana kallo ƙarfi da yaji, yaransa a maƙwabta suke yi, inda ba ka san abin da ake kunnawa ba, manyan kuma kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Talabijin ko ba komai a gaban kowa yake, uwa tana ganin abin da 'yarta ke gani. Abin da ake nema shi ne a tsayar masa da wuri da lokaci.

Mataki na farko: mako guda kana kallon masu kallo

Kada a fara da kafa doka. A samu tsohon littafin rubutu na yara a ware shafi bakwai. Kowace rana a rubuta ƙarfe nawa aka kunna, wa ya kunna, me aka kalla, ƙarfe nawa aka kashe. A gefe a riƙa sa alama duk sanda kallo ya ture wani abu: an kira salla ba a motsa ba, an aiki yaro ya ce "bari a sa talla", tuwo ya huce a kwano, aikin makaranta ya kwana, baƙo ya yi ta sallama kafin a amsa. Tunda maigida ba ya wuni a gida, rubutun rana na uwargida ne. Kada yara su sani, in sun sani za su gyara hali na mako guda su ɓata muku lissafi.

Ranar bakwai a zauna a duba abu biyu: sa'o'in da akwatin yake kunne alhali ba mai kallonsa, da kuma sa'o'in manya a kan na yara. Wanda ya rubuta gaskiya, da wuya wannan na biyun bai ba shi kunya ba.

Mataki na biyu: manya su fara sasantawa

Nan ne aikin yake. Uban da ya hana yara katun amma shi ba ya wuce wasa ko ɗaya, yaran ba za su furta ba, amma a zuci suna cewa in kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

A zaɓi lokacin da akwatin yake kashe kuma yara ba sa kusa. Kowa ya faɗi abin da yake rasawa, ya bar lissafin laifin ɗan'uwansa. Matar da ta ce, "Malam, in ka shigo ka zauna gaban labarai, sai in rasa ta inda zan fara maganar da na wuni da ita a raina," ta fi samun kunne a kan wadda ta ce ya mayar da ita bango. Haka mijin da ya ce, "Maman Sadiq, in na dawo fuskarki nake son tararwa, ba ƙeyarki ba," ya fi wanda ya shigo ya fizge waya daga soket.

Maza su yi adalci a nan. An saba ɗora wa mata laifin fina-finan Indiya da na Turkiyya masu dogon zango, da na Hausa da ake sakawa mako-mako. Gaskiya ne an tsara su ne don su riƙe mutum: kullum a sa'a ɗaya suke zuwa, kuma daidai inda rai ya rataya suke yankewa, don gobe a dawo. To amma ƙwallo ma haka take, mako na bin mako har kaka ta ƙare. Sannan matar da ke wuni cikin gida daga ita sai ƙananan yara, sau da yawa akwatin nan ne kaɗai muryar babba da take ji daga safe zuwa yamma. Wanda ya raba ta da shi bai ba ta hirarsa a madadi ba, zalunci ya yi ko da sunan gyara ya zo. Don haka kowa ya ambaci shiri ɗaya ko biyu da ba ya son a taɓa masa, a amince, sauran a sallama.

Gidan da ke da mata fiye da ɗaya sai an ƙara kula. In talabijin yana ɗakin ɗaya babu a ɗakin ɗayar, yaran gida duka can za su tare, ita wannan ta ga an kwashe mata 'ya'ya, waccan ta ga an cika mata ɗaki, gori ya biyo baya. Ko dai a ajiye shi a falon da kowa ke da iko da shi, ko a yi wa kowace nata, kuma in za a biya kuɗin wata a biya tare. Maigida ya tuna cewa daren da ya ƙarar a gidan kallo yana da mai shi. Wadda girkinta ya faɗa ranar babban wasa sau biyu a jere ba za ta ɗauke shi a matsayin tsautsayi ba.

In akwai tsohuwa a gida, ba a kafa mata doka. A same ta a ɗakinta a ce, "Hajiya, muna so mu rage wa jikokinki kallon dare don su riƙa tashi asuba, ki taya mu." In ta karɓi aikin ta fi kowa iya shi. In aka tsallake ta, ɗakinta ne zai zama mafakar masu gudun doka.

Mataki na uku: inda akwatin zai zauna

Falo, inda ake wucewa ana gani. Ban da ɗakin kwanan yara, ko da tsohon akwati ne da aka rasa yadda za a yi da shi. Ɗakin ma'aurata ma gara a bar shi babu, domin a gidan da ke cike da yara da 'yan'uwa nan ne kaɗai mata da miji ke iya magana ba kunne na uku. A falon kuma a duba yadda aka jera kujeru. In duk sun fuskanci bango ɗaya, ko baƙo ya zo sai dai a gaisa ta gefen ido. A juya biyu su kalli juna. Rimot ya samu wurin zama a sama, wurin da sai babba ya miƙa hannu.

Mataki na huɗu: lokutan da ba a kunnawa

Ya fi sauƙi a ce "ba a kallo a lokaci kaza" da a ce "awa biyu a rana", don ba mai zama da agogo yana ƙirga wa yara mintoci. Lokuta huɗu sun isa.

Safiyar ranar makaranta, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Lokacin cin abinci. Mai ci yana kallo ba ya sanin ya ƙoshi, kuma zaman kwano shi ne inda yaro ke sakin baki ya ba da labarin makaranta ba tare da an titsiye shi ba. Ɗabi'ar ɗura wa yaro abinci ana nuna masa katun tana sauƙaƙa wa uwa yau, gobe kuma ba zai buɗe baki ba sai an kunna.

Tsakanin magariba da isha. A Zariya wannan lokaci da ma yana da mai shi: karatun zaure, makarantar dare, tilawar yara a gaban uba. Bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Gidan da ya kare wannan kaɗai ya yi rabin aikin.

Awa ɗaya kafin kwanciya. Likitocin barci suna cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. A yi lissafi: yaron firamare da za a tasa da biyar da rabi don salla da shirin makaranta, ya kamata takwas da rabi ta same shi a kwance. In yana gaban fim har goma, gyangyaɗin da malami ke kuka da shi a aji daga falonku ya taso.

Game da ƙanana sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ya fi. Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne akwatin da ke ta surutu ba mai kallo. A 2009 masu bincike a Seattle ta Amurka, ƙarƙashin likitan yara Dimitri Christakis, sun maƙala wa ƙananan yara 'yar na'urar naɗar sauti suna wuni da ita a gidajensu. Suka tarar duk awa ɗaya da ake jin talabijin, kalmomin da yaro ke ji daga bakin babba suna raguwa da kusan 770, shi ma yaron nasa gwarancin yana raguwa. Yaro kuwa a bakin mai amsa masa yake koyon magana. Saboda haka in shirin da aka zauna dominsa ya ƙare, a kashe. Mai son jin motsi yana aiki ya kunna rediyo, ita ba ta ɗauke ido.

Sai matsalar "an kawo wuta". A gidaje da yawa dawowar wuta ita ce ke kunna talabijin, ko ƙarfe nawa ne, saboda ana ganin kamar asara ce a bar ta ta tafi ba a mora ba. A sauya wannan tun daga soket: duk sanda aka ɗauke wuta a kashe makunnin bango, wanda da ma kariya ce ga akwatin in ta dawo da ƙarfi. In ta dawo, a fara da jan ruwa da guga da cajin fitilu. Kallo ya jira lokacinsa.

Mataki na biyar: gyaran dikoda

Aikin rabin awa ne. DStv da GOtv da StarTimes da risibobin dish na kyauta duk suna da sashen kulle tashoshi, galibi da hoton kwaɗo a jikinsa. Lambar sirrin da suke zuwa da ita yawanci 0000 ce ko 1234, kuma yaran unguwa sun riga ku saninta, don haka a canza ta, kada a sa shekarar haihuwar kowa. A wasu dikodojin ana iya kullewa bisa shekaru, a ce duk shirin da aka yi wa alamar 16 ko 18 sai da lamba.

Dish na kyauta ya fi buƙatar ido, domin in aka yi masa bincike tashoshi ɗari-ɗari yake kwasowa. A sa mai haɗa dish ya goge duk wadda ba a buƙata kana tsaye, ya jero waɗanda aka amince da su a farko: na labarai, na karatu da wa'azi, na Harami da ke nuna Makka da Madina kai tsaye, na yara, na Hausa irin su Arewa24. Duk sanda aka sake bincike, waɗanda aka goge suna dawowa, sai an maimaita. In akwatin mai hawa intanet ne, a kashe tsarin da ke sa YouTube ya saki wani bidiyo da kansa bayan wani. Filas da memori da ake kaiwa shagon tura fina-finai kuma, babba ya fara buɗe su kafin a sa a falo. Mai shago cika maka yake yi da abin da ke tashe, bai san shekarun 'ya'yanka ba.

Mataki na shida: a zauna a kalla tare

Kulle tasha ba ya hana abin kunya faɗowa tsakiyar fim mai kyau ko cikin talla. Abin da muka saba yi shi ne uba ya tashi ya fita kamar an kira shi, ko uwa ta canza tasha fuska a ɗaure ba ta ce komai ba. Yaro ya fahimci akwai wani abu a nan, kuma ba a gida ake tambayarsa ba, sai ya kai tambayar wurin abokai. Kalma biyu sun wadatar: "Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, shi ya sa na canza." In 'ya ta fara girma, uwa ta ja ta gefe daga baya su ƙarasa maganar, namiji kuma uba ko kawu.

Ba wurin abin kunya kaɗai ake magana ba. A riƙa jefa tambaya ana cikin kallo: "Kai da kai ne, ya za ka yi?" "Kina ganin gaskiya ta faɗa wa mahaifinta?" "Wannan gidan da suke ciki, wane aiki aka nuna yana yi da ya same shi?" Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci ga 'yan mata da samari masu shirin aure. Wanda ya shekara goma yana ganin amarya a gidan bene, miji ba ya zuwa ko'ina sai kawo kyauta, zai shiga ɗaki biyu na haya a Tudun Jukun ko Hayin Dogo yana jin an cuce shi. Manya ma ba su tsira ba. Akwai faɗan mata da miji da in aka bi salsalarsa, gwada gida ake yi da na cikin akwati.

Mataki na bakwai: ƙwallo da gidan kallo

Wasannin Zakarun Turai Talata da Laraba ake yi, manyan kuma da ƙarfe takwas ko tara na dare agogonmu suke farawa, gwargwadon lokacin shekara, su kai goma ko sha ɗaya. Na Firimiyar Ingila sun fi yawa Asabar da Lahadi, suna cin la'asar da magariba. Tunda jadawalin a bayyane yake tun kafin mako ya kama, maigida ya zaɓi wasa ɗaya ko biyu ya sanar a gida. Matar da ta san ranar Laraba sai sha ɗaya zai shigo, ba ɗaya take da wadda ta yi ta ɗumama miya tana leƙen ƙofa ba. In ƙungiyarsa ta sha kashi kuma, ya bar fushin a bakin zaure.

Saurayi ɗan sha huɗu zuwa sama, hana shi ƙwallo gaba ɗaya ba ya yiwuwa. Abin tsoro a gidan kallo shi ne abin da ke kewaye da wasan: dawowar dare, hayaƙi, da cacar ƙwallo ta waya da ta shiga samari. A bar masa wasannin rana na ƙarshen mako, a san gidan kallon da yake zuwa da wanda suke tafiya tare, na dare kuma sai da babban wansa ko uban da kansa. Mai hali ya biya kuɗin wata a kalla a gida, ya ce ya gayyato abokansa. Hayaniyar awa biyu ce, amma ka ga fuskokin waɗanda ɗanka ke yawo da su.

Mataki na takwas: abin da zai maye gurbi

In aka kashe akwati aka zauna ana kallon juna, kwana uku dokar za ta yi. Makon farko za a sha ƙorafi da kumbure-kumbure, har daga manya. Kada a ja da baya, kada kuma a mayar da kallo ladan cin jarrabawa ko hana shi ya zama bulala, don hakan ƙara masa daraja yake yi a idon yaro.

Ba sai an ƙirƙiro wani abu sabo ba. A ce wa kaka ta yi "ga ta nan ga ta nanku", za a sha mamakin yadda 'yan firamare ke nutsuwa ga Gizo da Ƙoƙi. A fito da dara ko ludo. A sa yaro ɗaya ya karanta shafi biyu na littafin Hausa da ƙarfi kowa na ji. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin kamfanin Gaskiya, bai kamata a ce yaransa suna in'ina a karatun Hausa ba. Yammacin Juma'a a kai su gaida dangi a cikin birni, a bi da su ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana a nuna musu abin da ya rage na ganuwa. Uba ya shigo da yaro cikin aikinsa, ko gyaran babur ne ko lissafin shago.

A yi wa maƙwabta magana ta fahimta, musamman gidan da yaranku suka fi shiga, cewa in an kira magariba a koro su. Kuma duk dokar da aka yi wa talabijin ta hau kan waya, in ba haka ba an rufe ƙofa ne an bar taga. Lokacin abinci da tsakanin magariba da isha, wayoyi su taru wuri ɗaya, ta maigida a kan gaba.

Da azumi da dogon hutu a sake zama a gyara jadawalin. Tafsirin da tashoshi ke kawowa abin so ne, amma a tsayar da wanda za a bi, kada a wayi gari daga shan ruwa zuwa sahur akwatin bai huta ba.

Akwai alamu biyu da suka wuce gyaran jadawali. Yaron da kullum sai ya matsa dab da allo, ko yana ƙanƙance ido, ko yana yawan kukan ciwon kai bayan kallo, a kai shi a auna idonsa, wataƙila allon aji ma ba ya gani. Wanda kuma ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, kada a tsaya ga cewa "babansa ma bai yi magana da wuri ba". A rage masa allo, a yawaita yi masa magana, sannan a kai shi sashen yara na asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, a duba jinsa da girmansa.